Zaɓen kayan haɗa kwamfutar wasanni mai ƙarfi: mi ya kamata a sani kafin a fidda kuɗi?

Gabatarwa

Kwamfutar wasanni ita ce wadda aka tanada domin wasannin bidiyo masu nauyi, waɗanda ke buƙatar a zana hotuna masu yawa cikin kowane sakan. Mutum na iya sayenta a haɗe daga kanti. Yana kuma iya sayen kayanta ɗaya bayan ɗaya, ya haɗa da hannunsa ko ya ba mai gyara ya haɗa masa. A kan wannan hanya ta biyu ne za mu yi bayani. Amfaninta shi ne mai kuɗi ya san abin da ya saya, kuma in wani sashe ya tsufa ko ya lalace, shi kaɗai za a canza.

Sai dai kuɗin ba kaɗan ba ne. Katin hoto guda na kamfanin Nvidia mai suna GeForce RTX 5090 ya fito a watan Janairu na 2025 a kan dalar Amurka 1,999, wato sama da jika dubu, miliyan ɗaya ke nan na kuɗin sefa, tun kafin a sa kuɗin sufuri da na duwan. Kayan da aka yo odarsu daga waje kuwa ba a cika samun damar maida su ba. Wanda ya yi kuskuren zaɓe, shi zai kwana da asararsa.

Abu guda ya kamata mai karatu ya riƙe tun daga farko: kwamfuta kamar shanun huɗa take. In sa ɗaya ƙaƙƙarfa ne, ɗayan kuma ramamme, garma za ta tafi ne da saurin ramammen. Ƙarfin kwamfuta ba daga sashe mafi tsada yake fitowa ba, daga dacewar sassan da junansu yake fitowa, da kuma dacewarsu da ɗakin da za a aje ta.

1. Tambayar farko: wane wasa, a kan wane allo?

Mutane da yawa suna farawa da tambayar wane kati ya fi ƙarfi. Ba nan ne mafari ba. Mafari shi ne allon kallo, domin shi ke yanke yawan aikin da za a ɗora wa kwamfutar.

Hoton da ke kan allo tarin ɗige-ɗige ne. Awo uku ne suka fi yaɗuwa:

– 1920 × 1080, wanda ake kira 1080p: ɗigo 2,073,600;
– 2560 × 1440, wanda ake kira 1440p: ɗigo 3,686,400;
– 3840 × 2160, wanda ake kira 4K: ɗigo 8,294,400.

Ke nan allon 4K yana da ɗigo ninki huɗu na allon 1080p. Bayan yawan ɗigo, akwai yawan sabunta hoto cikin sakan ɗaya, wanda ake rubutawa da Hz. Allon ofis yakan sabunta hoto sau 60 a sakan, na wasanni kuwa sau 144, ko 240, ko fiye. A kan allo mai 60, kwamfuta na da kusan kashi 17 cikin dubu na sakan domin ta gama kowane hoto; a kan mai 144, kashi 7 kawai take da su.

Wasanni ma ba ɗaya suke ba. Wasannin ƙwallon ƙafa irin su EA Sports FC da eFootball ba su buƙatar kwamfuta mafi tsada. Wasannin gasa masu sauri irin su Counter-Strike 2 sun fi son hotuna masu yawa a sakan, saboda haka sun fi dogara ga furosesa. Wasanni masu manyan birane da hasken fitilu irin su Cyberpunk 2077 su ne ke shanye ƙarfin katin hoto. A rubuta sunayen wasanni uku da aka fi bugawa, a zaɓi allo, sannan a fara lissafin sauran kaya.

2. Katin hoto

Katin hoto shi ne mai zane. Shi ke ɗaukar kaso mafi girma na kuɗin, sau da yawa kusan rabi. Abubuwa uku ake dubawa gare shi: ƙarfin zanensa, girman ma'ajiyarsa ta kansa, da yawan wutar da yake sha. Ga wasu manyan katuna da suka fito a 2025, tare da farashin da kamfanonin suka sanar ranar fitowarsu:

– GeForce RTX 5090: ma'ajiya giga 32, wuta wat 575, dalar Amurka 1,999;
– GeForce RTX 5080: giga 16, wat 360, dalar Amurka 999;
– GeForce RTX 5070 Ti: giga 16, wat 300, dalar Amurka 749;
– Radeon RX 9070 XT na kamfanin AMD: giga 16, wat 304, dalar Amurka 599.

Farashin kasuwa yakan wuce wannan. A lura kuma cewa ninka kuɗi ba ya ninka sauri: RTX 5090 ya ninka RTX 5080 a farashi, amma bai ninka shi a yawan hotuna ba. Ga mai allon 1440p, katuna biyun ƙarshe sun wadatar. Manyan biyun na mai allon 4K ne. Sa RTX 5090 a kan allon 1080p mai Hz 60 ɓarnar kuɗi ce, domin allon ba zai iya nuna abin da katin ke zanawa ba.

Game da ma'ajiyar kati, giga 8 ta yi kaɗan ga sababbin wasanni in an ɗaga ingancin hoto. In ta cika, sai wasa ya riƙa sarƙewa ko da katin na da ƙarfi. Ga kwamfuta mai ƙarfi, giga 16 ita ce madaidaiciya.

Katunan zamani suna da dabarun rage nauyi: suna zana hoto da ɗigo kaɗan, sannan su cika sauran da lissafi. Ta Nvidia sunanta DLSS, ta AMD kuma FSR. Wasu ma suna ƙirƙiro hotuna a tsakanin na ainihi domin motsi ya yi santsi. Dabarun suna da amfani, amma in ana kwatanta katuna biyu, a nemi sakamakon gwajin da aka yi ba tare da su ba, domin alƙaluman talla sukan haɗa da hotunan da aka ƙirƙiro.

3. Furosesa

Furosesa ita ce ƙwaƙwalwar kwamfuta. Ita ke lissafin dokokin wasa, da motsin abokan hamayya, da umurnin mai wasa, sannan ta miƙa wa katin hoto abin da zai zana. In ta yi jinkiri, katin sai ya zauna jira.

A cikin kowace furosesa akwai ƙananan ma'aikata da ake kira zukata. Mutane sukan ɗauka cewa yawan zukata shi ne sauri. Ga wasanni ba haka ba ne: mafi yawansu ba su cin moriyar fiye da zukata 8. Abin da ya fi taimaka musu shi ne saurin kowace zuciya, da girman wata ƴar ma'ajiya da ke cikin furosesar kanta. Wannan ma'ajiya kamar aljihu take: abin da ke aljihu ya fi saurin ɗaukowa a kan abin da ke ɗaki.

Wannan ne dalilin farin jinin furosesoshin AMD masu alamar X3D. Ryzen 7 9800X3D, wadda ta fito a Nuwamba 2024, zukata 8 gare ta, amma aljihunta ya kai mega 96, kuma a gwaje-gwajen wasanni na lokacin fitowarta ta wuce waɗanda suka fi ta yawan zukata. Core Ultra 9 285K ta kamfanin Intel, ta Oktoba 2024, tana da zukata 24. Ryzen 9 9950X3D ta Maris 2025 tana da 16. Irin waɗannan sun dace da wanda zai haɗa wasa da aikin tace bidiyo ko zanen gine-gine. Wanda wasa kaɗai zai yi, gara ya tsaya ga zukata 8, ya ƙara rarar kuɗin a kan katin hoto.

Ga mai sayen ta hannu: a 2024 kamfanin Intel ya amsa cewa wasu manyan furosesoshinsa na zubi na 13 da na 14 suna samun tangarɗa saboda yawan wutar da ke shigarsu, ya kuma fidda gyara ta hanyar sabunta manhajar uwar kati. Gyaran na kare lafiyayya, amma ba ya warkar da wadda ta riga ta lalace. A gwada irinsu da kyau kafin a biya.

4. Uwar kati

Uwar kati ita ce babban faifan da ake dasa dukan sassa a kansa. Ba ta ƙara wa wasa sauri, amma ita ke yanke abin da zai shiga da wanda ba zai shiga ba. A nan ne aka fi yin kuskure mai tsada.

Kowace furosesa tana da mazaunin da aka yi dominta. Ryzen na jerin 7000 da 9000 suna zama a mazaunin AM5, wanda ya fito a 2022. Core Ultra na jerin 200 suna zama a LGA1851. Intel na zubi na 12 zuwa 14 suna zama a LGA1700. Furosesar wani mazauni ba ta shiga wani, kuma tilasta ta na lanƙwasa siraran ƙafafun mazaunin, ɓarnar da garanti ba ya cika ɗauka. Kamfanin AMD ya yi alƙawarin ci gaba da fidda furosesoshin AM5 har zuwa 2027 aƙalla, abin da ke ba mai ita damar canza furosesa nan gaba ba tare da canza uwar kati ba.

Ba dole ne a sayi mafi tsada ba. Ga AM5, uwar kati mai lamba B650 ko B850 ta ishi wasa. X870 da X870E sun fi yawan kafofi ne kawai. Abin da za a duba: kafofin rumbun ajiya biyu ko uku, ƙarafan sanyaya a kan sassan da ke ba furosesa wuta, da maɓallin sabunta manhajarta ba tare da an dasa furosesa ba. Wannan maɓalli na da mahimmanci, domin uwar katin da ta daɗe a kanti tana iya ƙin gane sabuwar furosesa sai an sabunta ta.

Girma iri uku ne: ATX, milimita 305 × 244, microATX, 244 × 244, Mini-ITX, 170 × 170. A tabbata gidan kwamfutar na ɗaukar wadda aka zaɓa.

5. Ƙwaƙwalwar aiki, wato RAM

In rumbun ajiya shi ne rumbun hatsi, RAM ita ce tabarmar da ake shanya abin da ake aiki da shi yanzu. In an kashe kwamfuta, abin da ke kanta ya tafi.

Giga 32 ta wadatar ga kwamfutar wasanni mai ƙarfi. A saye ta sanda biyu masu giga 16 kowace, cikin kwali guda, domin sanda biyu suna aiki ta hanya biyu a lokaci ɗaya. Sanda ɗaya tilo na rage sauri. In kafofin huɗu ne, yawanci ana sa su a ta biyu da ta huɗu in an ƙirgo daga wajen furosesa. A duba littafin uwar kati.

AM5 da LGA1851 irin DDR5 kaɗai suke karɓa. Tsohuwar DDR4 ba ta shiga. Ga Ryzen, wadda aka fi amincewa da ita ita ce DDR5-6000 mai lambar jinkiri CL30. Sai dai sabuwar RAM ba ta tashi da cikakken saurinta da kanta: dole a shiga shafin saitin uwar kati a kunna EXPO ga AMD, ko XMP ga Intel. Mutane da yawa sun biya kuɗin sauri, amma ba su taɓa kunna shi ba. A ƙarshen 2025 farashin RAM ya yi tashin gwauron zabi saboda yawan buƙatar manyan cibiyoyin ƙirƙirarriyar basira, don haka a tambayi farashinta tun farkon lissafi.

6. Rumbun ajiya

A nan ake aje manhajar Windows da wasanni. Tsohon rumbu mai faifai mai juyawa yana karanta mega 150 zuwa 250 a sakan. SSD mai wayar SATA yana kai 550. SSD irin NVMe, ɗan siriri da ake dasawa kan uwar kati, yana kai kusan 7,000 in na PCIe 4.0 ne, na PCIe 5.0 kuma kusan 14,000.

Ga wasanni, bambanci tsakanin biyun ƙarshe ƙanƙane ne, alhali na 5.0 ya fi tsada, ya kuma fi zafi. Girma ya fi mahimmanci: manyan wasanni da dama sun wuce giga 100 kowane. Tera 2 na PCIe 4.0 zaɓi ne mai kyau. Inda intanet ke da tsada, babban rumbu tattali ne, tunda ba sai an share wasa an sake sauko da shi ba.

7. Akwatin wuta

Akwatin wuta shi ke juya wutar bango zuwa wadda sassa ke sha. Ba a ganinsa, ba ya ƙara sauri, shi ya sa ake yawan tsuke masa hannu. Amma in ya ƙone yana iya tafiya da katin hoto da uwar kati gaba ɗaya. A nan ne karin maganar nan ta fi dacewa: sayen nagari, mai da kuɗi gida.

Kamfanonin katunan sun ba da shawara kamar haka: wat 1000 ga RTX 5090, wat 850 ga RTX 5080, wat 750 ga RTX 5070 Ti da RX 9070 XT. Kada a yi ƙasa da haka. Rarar da ke sama ba asara ba ce, domin katin hoto yakan fizgi wuta mai yawa farat ɗaya, kuma akwatin da ba a cika masa kaya ba ya fi sanyi da daɗewa. Akwati mai wat 1000 ba ya shan wat 1000 kullum. Abin da sassa suka nema kawai yake bayarwa.

A nemi mai bin ƙa'idar ATX 3.1, domin yana zuwa da wayar manyan katunan Nvidia mai suna 12V-2x6. A 2022 an samu rahotannin narkewar bakin irin wannan waya ta farko a kan katunan RTX 4090, galibi inda ba ta shiga har ƙarshe ba. Saboda haka a tura ta sai ta yi ƙaras, kada a lanƙwasa ta dab da bakinta, kada kuma a yi amfani da wayar wani akwati a kan wani, ko da bakinsu ya yi kama.

Alamar 80 Plus Gold na nufin kusan kashi 90 bisa ɗari na wutar da ta shiga na isa ga sassa in akwatin na ɗauke da rabin kayansa. Alamar tattalin wuta ce, ba shaidar inganci ba. Tsawon garanti ya fi nuna inganci: nagartattu sukan ba da shekara 7 zuwa 10. A ƙarshe, a karanta takardar da ke jikinsa a tabbata yana karɓar wutarmu mai volt 220. Mafi yawa an rubuta musu 100 zuwa 240.

8. Sanyaya da gidan kwamfuta

Duk wat ɗin da kwamfuta ta sha zafi yake komawa. Furosesa na buƙatar abin sanyaya na kanta, kuma manya irin waɗanda muka ambata ba su zuwa da shi a kwali. Iri biyu ne. Na iska tarin ƙarafa ne da fanka. Ba abin da ke lalacewa a jikinsa sai fankar, ita kuwa ana canza ta. Na ruwa yana da famfo da lagireto kamar na mota, mai tsawon milimita 240 ko 360. Ya fi kwashe zafin furosesa mai zukata 16 ko 24, amma in famfon ya mutu sai an canza shi duka. Ga furosesa mai zukata 8, babban na iska mai hasumiya biyu ya isa. Kada a manta a ɓare ledar da ke ƙasansa, a kuma shafa man ɗaukar zafi kafin a ɗaura.

Wajen zaɓen gida, a fifita mai raga a gaba a kan mai gilashi rufe. A auna abu uku: tsawon katin hoto, domin wasu sun wuce milimita 330; tsayin abin sanyaya, domin manyan na iska sukan kai 165; da wurin lagireto in za a sa. Dukan waɗannan awo suna rubuce a takardun kayan.

9. Zafi, ƙura da yankewar wuta

Gwaje-gwajen da ake gani a intanet galibi an yi su ne a ɗakuna masu digiri 20 zuwa 25. Fanka ba ta iya sanyaya abu ƙasa da iskar ɗaki, kuma duk digirin da ɗaki ya ƙaru, kusan haka sassa ke ƙaruwa. Furosesar da ta nuna digiri 75 a ɗaki mai 22 za ta kusanci 93 a ɗaki mai 40. Ryzen na jerin 9000 suna rage saurinsu da kansu in sun kai 95. A Yamai, Maraɗi, Tawa ko Damagaram, inda zafin watan Afrilu da Mayu ke wuce digiri 40, mai kati mafi tsada yana iya samun saurin mai matsakaici in ɗakinsa ba ya da na'urar sanyaya.

Ga lissafi mai sauƙi: kwamfutar da ke shan wat 750 tare da allonta, in ta yi awa 4 a rana, ta sha kilowat-awa 3, a wata, kilowat-awa 90. Wannan zafi duka cikin ɗakin yake zama. Saboda haka a ƙasarmu kati mai wat 300 ya fi sauƙin riƙo a kan mai wat 575. Ana kuma iya rage iyakar wutar kati ta manhajarsa. Sauri kaɗan ne ke raguwa, zafi kuwa ya sauka sosai.

Ƙurar hunturu ita ce abokiyar gaba ta biyu. Tana toshe ƙarafan sanyaya kamar bargo. Matakan kariya:

– a ɗora kwamfuta kan tebur, kada a aje ta ƙasa;
– a zaɓi gida mai matatar ƙura da ake cirewa a wanke;
– fankokin da ke shigo da iska su fi masu fitarwa yawa, domin kada ƙura ta kutso ta ramukan da ba su da matata;
– a hure cikinta da abin hura iska a kai a kai, bayan an zare wayar wuta, a kuma riƙe fankoki kada su juya.

Ta uku ita ce wuta mai yankewa da hawa da sauka. Kwamfuta mai wannan daraja na buƙatar na'urar ajiyar wuta, wadda masu gyara ke kira ondiler ko UPS. A lura da abu biyu. Na ɗaya, lambar VA da ke jikinta ba wat ba ce: mai VA 1500 yawanci wat 900 zuwa 1000 take ɗauka. Na biyu, a nemi mai ba da tsabtatacciyar wuta irin ta bango, domin akwatunan wuta na zamani sukan mutu nan take a kan masu arha. Aikinta ba ci gaba da wasa ba ne. Mintoci kaɗan take bayarwa domin a kashe kwamfuta cikin natsuwa. A sa mai aikin lantarki ya duba wayar ƙasa ta gidan. Da damina kuma, in ana tsawa, a zare wayoyi daga bango.

10. Misalai biyu na haɗi mai daidaito

Na allon 1440p mai Hz 144 ko fiye: furosesa mai zukata 8 ta X3D, uwar kati B850, RAM giga 32 DDR5-6000, katin RX 9070 XT ko RTX 5070 Ti, rumbu tera 2, akwatin wuta wat 750 zuwa 850, abin sanyaya na iska, gida mai raga.

Na allon 4K: sassa iri ɗaya, sai dai katin RTX 5080 da akwatin wat 850, ko RTX 5090 da na wat 1000 zuwa sama, tare da ɗaki mai sanyi da babbar na'urar ajiyar wuta.

Mai karatu zai ga cewa kati da akwatin wuta ne kawai suka canza. Kafin a biya, ana iya jera kayan a shafin PCPartPicker, wanda ke nuna sassan da ba su dace da juna ba, ya kuma ƙiyasta wutar da za su sha.

11. Hattara wajen saye

– A karɓi rasit mai ɗauke da lambar jikin kowane sashe, a kuma tambayi wa zai ɗauki garanti, a ina.
– Kada a biya kuɗin katin hannu sai an gan shi yana aiki. An samu katunan da aka cire musu ƙwaƙwalwa aka sayar da ƙwarya. Manhajar GPU-Z na nuna ainihin sunan kati. A kunna wasa mai nauyi na rabin awa a ga zafinsa.
– Bayan Satumba 2022, lokacin da aka daina haƙar kuɗin intanet na Ethereum da katunan hoto, tsofaffin katuna da suka yi aiki dare da rana sun cika kasuwa. A duba fankokinsu da kyau.
– CrystalDiskInfo na nuna awowin da rumbu ya yi yana aiki. MemTest86 na gwada RAM.
– A sa Windows 11, domin kamfanin Microsoft ya kawo ƙarshen tallafin yau da kullum na Windows 10 ranar 14 ga Oktoba 2025.
– A soka wayar allo a jikin katin hoto, ba a jikin uwar kati ba.
– Jinkirin wasa ta intanet daga layin sadarwa da nisan cibiyar wasan yake zuwa. Babu katin da ke maganinsa. Jona waya kai tsaye dai ya fi wifi.

Abin da ya kamata a riƙe

A fara da allo da wasanni, a zaɓi katin hoto daidai da su, sannan furosesar da ba za ta sa shi jira ba. A tabbatar da mazauni, da irin RAM, da awon gida kafin a biya. A ware kuɗin akwatin wuta nagari, da na na'urar ajiyar wuta, da na sanyaya tun farkon lissafi, ba daga abin da ya rage ba. In kuɗin bai kai ga duka ba, a sauko da katin hoto mataki ɗaya, kada a taɓa kason kariya. Daidai ruwa, daidai tsaki.